Kalmomin Ingilishi a Bakin Mutanen Rimaye: Yadda Aro Yake Sauya Ma'ana

1.0 Gabatarwa

Rimaye gari ne a ƙaramar hukumar Kankiya ta Jihar Katsina, kuma maganar yau da kullum a nan, kamar ta maƙwabtansu na Kusada, cike take da kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi. Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa da yawa daga cikin waɗannan kalmomi sun bar ma'anarsu ta asali a hanya. Don haka ɗalibin da yake koyon Ingilishi yakan ɗauka ya san kalma alhali ma'anarta ta Hausa ya sani.

2.0 Shigowar Kalmomin

Aron ya yi ƙarfi ne bayan da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903. Mulki ya kawo "razdan" da "di'o" da "en'e", kasuwanci ya kawo "fam" da "sule" da "sisi". Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tattara irin waɗannan kalmomi tun suna sababbi. Wasu sun mutu tare da abin da suke nufi. An daina kashe fam da sule a 1973, aka rushe en'e a 1976. Amma "kwabo", wadda ta samo asali daga "copper", ta tsira har ta zama sunan kuɗin Nijeriya.

3.0 Sauyin Ma'ana

Ana iya kasa sauyin gida uku.

3.1 Ƙuntata ma'ana. A Ingilishi "machine" tana nufin kowace irin na'ura, tun daga keken ɗinki har zuwa injin masaƙa. Idan mutumin Rimaye ya ce ya hau mashin zuwa Kankiya, babur yake nufi, ba wani abu ba. Haka kuma in uwa ta ce da 'yarta ta kai dawa inji, ba ta buƙatar ƙarin bayani, domin injin niƙa ake nufi, shi kuwa Bature ba ya kiran wannan na'ura "engine".

3.2 Faɗaɗa ma'ana. "Wire" zaren ƙarfe ne. Da yake ta cikinsa saƙon tangaraho da na tarho suke bi a da, sai Hausawa suka ce "buga waya". Yau wayar hannu ba ta da zare ko ɗaya, amma sunan ya zauna. Ɗiyar wannan ita ce "layi". Layi ne jerin mutane a asibiti, layi ne titin unguwa, layi ne kuma ɗan katin da ake sa wa waya, wanda a Ingilishi sunansa "SIM card". Kalmar "lamba" ma ta wuce ƙidaya, ta kai ga alama da kuma lambar girma.

3.3 Kauce wa ma'ana. Nan ne tarkon ya fi haɗari. "Canteen" a Ingilishi ɗakin cin abinci ne na ma'aikata ko ɗalibai ko sojoji, amma "kanti" a Hausa wurin sayar da kaya ne. "Motor" injin da ke juya abu ne, "mota" kuwa abin hawa ce gaba ɗayanta. "Mai tebur" ba mamallakin tebur ba ne, ɗan tireda ne mai sayar da ashana da sabulu da minti a bakin hanya. "Minti" ɗin kanta a Ingilishi sunan ganyen na'ana'a ne da alewar da aka yi da shi, a Hausa kuwa ta game alewar kanti iri-iri.

Wasu kalmomin har hukunci al'umma ta ɗora musu. "Barracks" mazaunin soja ne ko 'yan sanda. Hausawa suka kira unguwar Turawa da ma'aikatansu bariki, daga nan aka sami "ɗan bariki" da "zaman bariki", wato rayuwar wanda ya bar tarbiyyar gida. Haka "hotel" masauki ne kurum a wajen Bature, amma a ƙauye in aka ce an ga wane a otal, ba yabonsa ake yi ba.

4.0 Illar Haka ga Mai Koyo

Yaron da ya shiga firamare a Rimaye yana zuwa ne da waɗannan kalmomi a kansa. Ranar da aka ce ya rubuta insha'i, sai ya rubuta cewa mahaifinsa yana da "canteen" a kasuwa, ko ya zo makaranta a kan "machine". A wajensa bai yi kuskure ba, mai duba takarda kuwa jan biro zai sa. Tun da ba a shiga jami'a sai da kyakkyawan sakamako a Ingilishi, irin wannan ƙaramin tuntuɓe yana iya tsayar da yaro mai ƙwazo.

5.0 Kammalawa

Kalmomin nan sun zama Hausa, kuma babu laifi ga wanda ya yi amfani da su cikin Hausa. Abin da ake bukata shi ne malami ya riƙa jera kalmar aro da uwarta a kan allo, ya sa kowacce cikin jimlarta, ya nuna inda suka haɗu da inda suka rabu. Ya kamata kuma ɗaliban wannan sashe su riƙa tattara irin waɗannan kalmomi daga garuruwansu lokacin hutu, domin a sami jerin da malaman firamare za su yi aiki da shi.