Kyanwa Da Kare A Cikin Hunturu

Ga hunturu ya kankama, an gama girbi, dawa da gero sun shiga rumbu. Yanzu ne ɓera da gafiya su ke barin gona su biyo hatsi gida. Saboda haka a makon nan za mu ajiye maganar shanu da tumaki, mu dubi ma'aikata biyu da ba wanda ya ke lissafi da su, watau kyanwa mai gadin rumbu da kare mai gadin gida da garke.

A ƙasar Kano da Katsina, cikin watan Disamba da Janairu, sanyin asuba ya kan sauko zuwa digiri 12 ko ƙasa da haka, a Jos kuwa ya kan fi. Zafin jikin kare da kyanwa kamar digiri 38 zuwa 39 ne. Babba mai ƙoshi ya na jurewa. Waɗanda sanyi ya ke kashewa su ne tsofaffi da ramammu da jarirai, gama ɗan kwikwiyo ko ɗan kyanwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa sai ya yi kamar mako uku.

Bara na sauka a wani ƙauye, mai masaukina ya ce mini kyanwarsa ta haihu huɗu a bayan rumbu, kwana uku duk suka mutu, wai ko muzuru ne. Na je na duba. Wurin ya na fuskantar gabas maso arewa, daidai inda iskar hunturu ta ke fitowa, ƙasa kuwa tsirara. Ba muzuru ba ne. Tsohon kwando da buhu ɗaya da sun tsirad da su. Kafin bazara ɓeraye sun huda masa rumbu.

To, makwanci shi ne na fari. A kafa zana ta gefen da iska ta ke bugowa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buhu, kada dabba ta kwana a kan siminti ko ƙasa mai laima. Ba sai kare ya shiga ɗaki ba, lungun zaure ko gindin danga ya isa. Kowane mako a kwashe ciyawar a ƙone a sa sabuwa, domin ƙwan ƙuma a cikin shimfiɗa ya ke, ba a jikin dabba ba. Busasshen ganyen darbejiya a ƙarƙashin buhu ya kan rage ƙwari, amma ba ya gama da su. Mata su riƙa rufe bakin murhu da dare, don kyanwa ta kan shiga toka neman ɗumi ta ƙone. Masu motocin kaya kuma su buga murfin inji kafin su tayar da safe.

Sai abinci, nan ne mu ka fi kuskure. Mutane su na cewa kada a ba kyanwa abinci don ta kama ɓera. Wannan ba daidai ba ne. Kyanwa mai ƙoshi ba ta barin farauta, mai yunwa kuwa gidan maƙwabta ta ke tafiya, ko ta koma kan 'yan tsaki. Kuma ku sani kyanwa ba kamar kare ba ce. Kare ya na rayuwa da ƙanzo da tuwo in an haɗa masa da ɗan nama ko wake dafaffe. Kyanwa dole sai nama ko kifi, gama akwai wani sinadari a cikinsu wanda in ta daɗe ba ta samu ba idonta da zuciyarta su kan lalace. Kan kifi, ko huhu da tumbi daga wurin mahauta, a dafa ba yaji. Kada a ba su sauran miya mai albasa ko tafarnuwa da yawa, su na ɓata musu jini. Ƙashin kaza dafaffe ya kan tsage ya soki hanji. Madara ta kan sa babbar kyanwa zawo, ɗan nono mai tsami ya fi. Ruwa kuwa kullum a kasko, don iskar nan busarwa ta ke yi ko ba a ji ƙishi ba.

Maharba da masu fita farauta su riƙa duba tafin karnukansu da yamma. A cire ƙaya, in ya yi faso a shafa man kaɗanya. Kaska a kama ta daf da fata a zare a hankali, a jefa a wuta, kada a murje ta da yatsa.

Abu uku na roƙe ku ku bari. Kada a shafa baƙin man mota ga kare mai ƙazuwa, ya kan lasa ya cutu. Kada a zuba wa kyanwa maganin kaskar shanu ko na kare, wani iri ya kan sa ta jijjiga ta mutu. Kada kuma a ba ta farasitamol don ta na atishawa, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Wanda ya sa maganin ɓera a gida ya binne mushen, kada kyanwa ta ci.

Amma akwai cutar da ciyawa da man kaɗanya ba su yi mata kome, ita ce haukan kare. In ta bayyana a jikin mutum ko dabba, kusan ba mai tashi. Maganinta allura tun kafin ta zo. A kai kare asibitin dabbobi in ya cika wata uku, a kuma maimaita kowace shekara. Kyanwa ma a na yi mata. Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ta na yin wannan allura ta karnuka. Kadan kare ya ciji yaro, ko kyanwa ta yagushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira a ga ko karen zai haukace. Karen kuma a ɗaure shi kwana 10, a sanad da malamin dabbobi ya zo ya gani.