DARASI NA 14: NONON UWA DA CIKIN JARIRI

Lokacin bazara ne, rana ta take. Wata mai jego tana zaune a ɗaki da jaririnta ɗan kwana 20. Yaro yana ta kuka. Sai uwar mijinta ta ɗebo ruwa a randa, ta kawo a moɗa.

Ta ce, "Ungo, ɗura masa. Ƙishirwa yake ji. Mu manya ma maƙogwaronmu ya bushe, balle shi."

Mai jego ta ce, "Inna, a asibiti an ce kada a ba shi ruwa sai ya cika wata shida."

Tsohuwa ta ce, "Yarinya ke nan! Ni 'ya'ya tara na haifa, duk da ruwa na rene su."

Mai jego ta yi shiru. Ba ta iya musu da surukarta. Ban da haka, ita kanta ba ta san dalili ba. An ce mata kada ta ba shi, amma ba a gaya mata don me ba. Aka ɗura wa yaro ruwa.

Jama'a, irin wannan yana faruwa a gidajenmu kullum. Tsohuwar nan ba mugunta ta yi ba, son jikanta take yi. Abin da ya rage shi ne sanin dalili. To, yau dalilin za mu karanta.

1. Abin da ke cikin hanji

A cikin hanjin kowane mutum akwai waɗansu ƙananan halittu. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. Yawansu ya wuce ƙirge. Waɗansu masu cuta ne, su ke kawo zawo da amai. Amma da yawa masu amfani ne. Suna taimaka wa ciki wajen narkar da abinci, suna kuma hana masu cuta samun wurin zama.

Kun san yadda ake yin kindirmo. Akan zuba ɗan tsohon nono a cikin madara, a rufe, kashegari ta kama ta yi tsami. Irin waɗannan ƙananan halittu ne suka yi wannan aiki.

Jariri yakan zo duniya hanjinsa kamar sabuwar gona, ba a shuka kome ba tukuna. Abin da ya fara shiga ya yi yawa, shi zai riƙe wurin. Irin farko daga jikin uwa yake samu, lokacin haihuwa, da lokacin da ta rungume shi, da lokacin da yake shan mama.

Ga wani abin mamaki. A cikin nonon uwa akwai wani irin sukari wanda cikin jariri ba ya iya narkar da shi. To, don wa aka yi shi? Abincin halittun nan masu amfani ne. Likitoci suna kiran manyansu Bifidobakteriya. In sun ci wannan sukari sai su yi yawa, su sa cikin hanji ya yi ɗan tsami. Ƙwayoyin zawo kuwa ba su son tsami. Watau duk lokacin da uwa ta ba da mama, ɗanta ta ciyar, ta kuma ciyar da masu gadin cikinsa.

Har wa yau akwai maganin kariya a cikin nonon. In wata ƙwayar cuta ta shiga jikin uwa, jikinta yakan haɗa abin da zai yaƙe ta. Wannan abin yakan biyo nono, ya shafe hanjin yaro daga ciki, ya hana cutar kamawa. Madarar shanu ba ta da wannan. Ta gwangwani ma ba ta da shi.

2. Dakashi

Nonon da ya fara fitowa bayan haihuwa shi ne dakashi. Yana da kauri, kuma rawaya ne. A wurare da yawa akan matse shi a zubar, a ce ƙazanta ne. Kafin farin nono ya zo sai a ba jariri ruwa, ko madarar akuya, ko zuma.

Wannan hasara ce babba. Maganin kariyar nan ya fi yawa a cikin dakashi. Dakashi kuma shi ke taimaka wa jariri ya fitar da baƙin kashin nan na farko. Kaɗan yake fitowa, gaskiya ne, amma cikin sabon jariri ƙarami ne ƙwarai. A ranar farko cokalin shayi ɗaya ko biyu ya ishe shi a kowane sha.

A ƙasar Gana likitoci sun bi labarin jarirai fiye da 10,000 a ƙauyuka. A 2006 suka bayyana abin da suka gani. Sun lissafta cewa da za a sa kowane jariri a mama cikin awa ɗaya da haihuwa, to, cikin jarirai 100 da ke mutuwa a watan farko, wajen 22 za su tsira.

Saboda haka da zarar an haihu, a goge yaro, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a lulluɓe su tare, a bar shi ya kama mama. Zuma kuwa kada a ba yaro sai ya shekara, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta wadda hanjin jariri ba ya iya kashewa.

3. Maganar ruwa

Yanzu mu koma kan moɗar tsohuwa. In aka raba nonon uwa kashi 100, wajen kashi 87 ruwa ne. Ruwa ne mai tsabta, bai bi ta rijiya ba, bai kwana a randa ba. Wanda ya fara fita in yaro ya kama mama tsararo ne, shi ke kashe ƙishirwa. Na ƙarshe ya fi maiƙo, shi ke ƙosarwa. Don haka ne ake so yaro ya shanye mama ɗaya kafin a juya shi ga ɗayan.

An gwada wannan a ƙasashe masu zafi irin tamu, an ga nono kaɗai ya ishi jariri ko da bazara. In ana zafi, sai a ƙara ba shi mama, uwa kuma ita ta sha ruwa sosai.

Ɓarnar ruwa uku ce. Ta farko, ruwan da babba zai sha ya kwana lafiya yana iya sa jariri zawo. Ta biyu, ruwa yakan cika ɗan cikinsa, ga shi ba abinci ba ne, sai ya rage shan mama ya rame. Ta uku, in ya rage tsotso, nonon uwa ya ragu. Tsotso shi ke kawo nono. Daga nan sai a ce uwa ba ta da nono, a sayo madarar gwangwani da kwalbar shayarwa. Kwalbar nan tana da wuyar wankewa, ƙuda kuma yana son bakinta.

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawara: nonon uwa zalla har wata 6. Ba ruwa, ba kunu, ba jiƙo. Maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta da ɗigon rigakafi su kaɗai aka yarda. Bayan wata 6 a fara ba yaro kunu mai kauri da sauran abinci mai laushi, da ruwa mai tsabta, a ci gaba da mama har shekara 2 ko fiye.

4. Shin koyarwa tana da amfani?

Wani zai ce, "Mace ai ba a koya mata shayarwa." To, ku ji abin da aka gwada.

A birnin Daka, a ƙasar Bangaladash, an ɗauki waɗansu mata 'yan unguwa, waɗanda suka taɓa goyo, aka koya musu. Su kuma suka riƙa shiga gida gida, tun mace tana da tsohon ciki har ɗanta ya yi wata 5. Suna zama da ita, suna duba yadda yaro ya kama mama, suna magana da mutanen gidan. A waɗansu unguwannin ba a aika kowa ba. A 2000 aka bayyana sakamako. Inda aka shiga gidaje, cikin uwaye 100, guda 70 suna ba da nono zalla a wata na 5. Inda ba a shiga ba, 6 kaɗai.

A Belarus kuma, wata ƙasa a Turai maƙwabciyar Rasha, an yi gwaji a 1996 da 1997 a asibitoci 31, da uwaye fiye da 17,000. A wajen rabin asibitocin aka koya wa ma'aikata yadda za su koya wa masu jego. Sauran aka bar su yadda suke. Da yara suka kai wata 3, inda aka koyar uwaye 43 cikin 100 suna ba da nono zalla. Inda ba a koyar ba, 6. Da aka duba ciwon ciki da zawo a shekarar farko, inda aka koyar yara 9 cikin 100 suka kamu. Inda ba a koyar ba, 13.

Kun ga hanyar. Koyarwa ta shiga kunnen uwa, ta sake yadda take shayarwa, wannan kuma ya kai har hanjin yaro.

A Nijeriya, ƙirgen da aka yi a 2013 ya nuna jarirai 17 cikin 100 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla. A 2018 sun kai 29. An ci gaba, amma da sauran tafiya.

Ku lura da yadda matan Daka suka yi. Ba sau ɗaya suka je ba. Ba su tsaya a bakin asibiti sun ba da umurni ba. Sun shiga ɗaki, sun faɗi dalili, sun nuna da hannu. Mai jego ba ita kaɗai ke da iko da jariri ba. Akwai kaka, akwai ungozoma, akwai maigida. In ita kaɗai aka koya wa, ranar da aka kawo moɗa sai ta yi shiru.

5. Abin da za a koya

Yaro ya buɗe baki sosai, ya kama har da baƙin da ke kewaye da kan mama. Haɓarsa ta taɓa maman. In kan kaɗai ya kama, uwa za ta ji zafi, shi kuma ba zai ƙoshi ba.

A ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana, sau 8 ko fiye.

In yana fitsari sau 6 ko fiye a yini da kwana, kuma nauyinsa yana ƙaruwa a ma'aunin asibiti, nono yana isarsa.

Uwa ta wanke hannu da sabulu bayan ta fito bayan gida, da bayan ta wanke wa yaro kashi.

Mai jego ta ci ta ƙoshi: tuwo da miyar ganye, zogale, wake, gyaɗa, ƙwai, kifi ko nama in an samu. Wannan aikin maigida ne. Ya kuma rage mata aikin daka da ɗiban ruwa.

Kashin mai shan nono zalla yakan yi laushi, rawaya. Wannan ba zawo ba ne. Amma in ya zama ruwa tsululu, ko da jini, ko yaro ya ƙi mama, ko idonsa ya faɗa, ko maɗigarsa ta loɓa, a kai shi asibiti nan da nan. A hanya ma a riƙa ba shi mama. Kada a tsai da nono saboda zawo.

Uwar da ke da wani ciwo mai tsanani, ko tana shan magani, ta tambayi ma'aikacin lafiya kafin ta sake wani abu.

6. Aikinku

Ku da kuke wannan aji kuna da abin da mai jegon nan ta rasa. Kun san dalili, kuma kun iya karatu. In kun koma gida, bayan an ci tuwon dare, ku karanta wa tsofaffi wannan darasi da ladabi. Kada ku ce musu sun yi kuskure. Ku tambaye su yara nawa suka sani a garin nan waɗanda zawo ya ɗauke kafin yaye. Sun fi ku sani. Sa'an nan ku gaya musu labarin masu gadin hanji. In kaka ta gane, ita da kanta za ta hana a kawo ruwa ɗakin mai jego.

Sababbin kalmomi

dakashi, hanji, halittu, tsotso, kariya, maɗiga, zalla

Tambayoyi

1. Me ya sa mai jego ta yi shiru?
2. Wa ke cin sukarin da jariri ba ya narkarwa?
3. Mene ne amfanin dakashi?
4. Faɗi ɓarna uku da ruwa ke yi wa jariri.
5. Wata nawa za a ba yaro nono zalla?
6. Ban da mai jego, su wa ya kamata a koya wa?

Lissafi

Inda ba a koyar ba yara 13 cikin 100 suka yi zawo. Inda aka koyar yara 9. Nawa ne bambanci? In yaran 1,000 ne, nawa zai zama?

Rubutu

Kowa ya rubuta wannan sau uku a littafinsa:

Nonon uwa abinci ne, ruwa ne, magani ne.