Dalilin Da Ya Sa Gishiri Ke Sa Sabulun Ruwa Kauri, Kuma Yake Tsinka Shi

Haɗa sabulun ruwa ya zama sana'ar mata da matasa da dama a Madobi da Kura da Bunkure. Duk wanda ya koyi sana'ar ya san cewa ɗan gishiri yana sa haɗin ya yi kauri. Sai dai da yawa sun yi asarar jari a nan: an zuba gishiri ya yi kauri, an ƙara don ya fi haka, sai bokiti guda ya tsinke kamar kunun da ya kwana. Wannan darasi zai bayyana abin da ke faruwa a cikin bokitin.

Mene ne maisel?

Kowace ƙwayar sinadarin wanki, irin su Texapon, tana kama da tsinken ashana. Kan yana son ruwa, jikin kuma yana gudun ruwa, maiƙo yake so. Idan ƙwayoyin suka yi yawa a ruwa, sai su dunƙule: jikin ya ɓuya a ciki, kawunan su fuskanci ruwa. Wannan dunƙulen shi ake kira maisel, kuma a cikinsa maiƙo da datti ke maƙalewa lokacin wanki. A sinadarin SDS, wanda masana suka fi nazari, maisel ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi kusan 60.

Aikin gishiri a bayan maisel

Kawunan nan duka suna ɗauke da cajin nagatif, kamar ɓangare guda na batir. Caji iri ɗaya ba ya jituwa, don haka kowane kai yana ture na kusa da shi. Wannan turereniya ce ke sa maisel ya zama zagaye kamar ƙwallo, su kuma ƙwallaye suna wuce juna cikin sauƙi, shi ya sa haɗin yake tsinke.

Gishiri idan ya narke yana rabuwa zuwa ƙananan ƙwayoyi masu caji da ake kira ayon: sodiyam mai cajin fozitif, da kulorayid mai nagatif. Sodiyam sai ya taru a bayan maisel, ya shiga tsakanin kawunan, ya rage musu turereniya. Da kawunan suka matso kusa da juna, ƙwallon sai ya miƙe ya koma dogon zare. Zaruruwan suna sarƙewa kamar dafaffiyar taliya, kuma wannan sarƙewar ita ce kaurin da ake gani. Ke nan gishirin ba shi ne kaurin ba, siffar maisel ya sauya.

Idan gishirin ya wuce kima, zaruruwan suna yin rassa su haɗe da juna, sarƙewar ta saki, kaurin ya faɗi. Wani lokaci haɗin ya yi gizo-gizo ko ya rabu gida biyu. Kauri yana hawa ne har ƙololuwa, sannan ya gangaro.

Ruwa mai tsari

Idan aka rage ruwa, sinadarin ya yi yawa, maisel ba su da filin yawo, sai su jeru. Abin yana nan da laushi amma cikinsa yana da tsari kamar na kiristal. Wannan shi ne kiristal mai ruwa-ruwa. Na fuskar waya da talabijin, wato LCD, zafi ne ke sauya masa yanayi. Na sabulu kuwa yawan ruwa da ayon ne ke sauya shi, kuma shi ake kira layotirofik.

Tsari biyu suka fi shafar mai haɗa sabulu. Na farko, zaruruwan su jeru gefe da gefe kamar damin rake, kowanne da shida kewaye da shi. Wannan yana da tauri sosai. Na biyu, ƙwayoyin su shimfiɗu falle-falle kamar tabarmi a kan tabarma, da ruwa a tsakani, kuma fallayen suna zamewa a kan juna. Texapon mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 yana cikin tsari na biyu, shi ya sa ake iya kwasarsa. Da an zuba masa ruwa kaɗan sai ya faɗa tsari na farko, ya yi gudaji masu wuyar narkewa. Shi ya sa masu sana'ar ke fara murza shi da gishiri, ko su riƙa sa shi kaɗan-kaɗan cikin ruwa mai yawa.

Ayon suna suka tara

A 1888, Franz Hofmeister a birnin Prag ya nuna cewa gishiri daban-daban ba sa aiki iri ɗaya ko da cajinsu ɗaya ne. A wannan shekara kuma a wannan birni Friedrich Reinitzer ya fara lura da kiristal mai ruwa-ruwa. Masu sabulun salo sun daɗe da ganin bambancin a aikace: ruwan toka yana ɗauke da fotasiyam, sabulunsa laushi gare shi, na soda kuwa mai sodiyam yana daskarewa da tauri.

Kalsiyam da magnesiyam caji biyu-biyu gare su, suna kama kawuna biyu lokaci guda. A sabulun mai suna haifar da dusar nan da ke hana kumfa. Ruwan kanal da ke zuwa daga madatsar Tiga da ruwan rijiya ko burtsatse ba lallai su zo da ayon daidai da juna ba, don haka ma'aunin gishirin da ya yi wa wani daidai yana iya ɓata haɗin wani.

Yadda za a kauce wa asara

A narkar da gishirin a ruwa tukuna. A ɗebi haɗin a kofuna biyar daidai wa daida, a sa cokali ɗaya a na farko, biyu a na biyu, har zuwa na biyar. A bar su su kwana, a duba inda kaurin ya fara raguwa, a tsaya ƙasa da nan. Kamar yadda masu rubuta manhaja ke yi wajen neman matsala, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a rubuta sakamakon a waya. Idan an sauya ruwa ko wurin sayen sinadari, a sake gwajin. Idan kuma haɗi ya riga ya tsinke, kada a zubar: a gauraya shi da sabon haɗi marar gishiri, sau da yawa kaurin yana dawowa.