Yadda Ake Zaɓar Rile Domin Bawul Mai Maganaɗisu

A majemun Challawa da masana'antun Sharada da Bompai a Kano, akan sarrafa shigar ruwa cikin tankuna ta hanyar bawul mai maganaɗisu, wato solanoyid. A cikinsa akwai naɗaɗɗiyar waya da ake kira koyil. Da zarar lantarki ya ratsa ta, sai ta zama maganaɗisu, ta janye ɗan ƙarfen da ya toshe hanyar ruwa. Abin da ke kunna bawul ɗin kuwa shi ne rile, makunnin da ƙaramar wuta ke motsawa, wanda ake danganta asalinsa ga Joseph Henry na Amurka a wajajen 1835.

Kuskuren da akan yi shi ne dogara ga lambar da ke jikin rile, misali amfiya 10. Galibi lambar tana nufin kaya irin su hita ne, ba masu koyil ba.

Da farko, a tabbatar koyil ɗin rile ya dace da wutar da za ta motsa shi. Na biyu, a raba wat da volt: bawul mai wat 12 a kan volt 24 yana jan amfiya 0.5. Na uku, a duba nau'in wutar. Wutar layi mai volt 230 tana kai da komo, tana sauka zuwa sifiri sau 100 a daƙiƙa, don haka tartsatsinta kan mutu da wuri. Amma bawul ɗinta yakan ja ninkin wuta a lokacin kunnawa. Wuta irin ta batir ba ta sauka sifiri, saboda haka tartsatsinta ya fi daɗewa.

Na huɗu ya samo asali daga binciken Michael Faraday na 1831: idan aka yanke wa koyil wuta kwatsam, maganaɗisunsa kan rushe, ya haifar da ƙarfin da kan kai ɗaruruwan volt. Tartsatsin yana cinye bakunan rile har su manne. Daga nan bawul ya ƙi rufuwa, ruwa ya malala, sinadari ya tsinke, fatu su lalace. Maganinsa shi ne a haɗa dayod a juye a kan koyil mai wutar batir, ko baristo a kan mai wutar layi.

Aikin aji: amfiya nawa bawul mai wat 18 a kan volt 24 zai ja, kuma da me za a kare rilensa?