Mahabba a Zawiya, Mahabba a Cikin Gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban masoya, Annabi Muhammadu (SAW).

Duk wanda ya halarci ziyarar waliyyai 99 da ke kwance a kewayen tafkin Madarunfa, ya ga yadda mahabba ke fita ta ƙofofi daban-daban. Wani bege yake rerawa, wani abinci yake rabawa baƙi, wani ɗiban ruwa yake yi, wani kuwa ya zauna shiru da tazbaha yana hawaye. Ba wanda ke tuhumar ɗan'uwansa da rashin so don salonsu ya bambanta.

Sai an koma gida ake mance wannan darasi. Maigida ya yi noma, ya tafi cin-rani, ya cika rumbu da gero, a ganinsa ya gama nuna ƙauna. Uwargida kuwa kalma mai daɗi da zaman hira take jira. Ita ma ta yi daka, ta yi girki, ta ƙi ambaton sunansa don kunya, shi kuma bai karanta so a ciki ba. Kowa na bayarwa, kowa na kukan rashi, har a kai ga yaji ko saki. Haka ɗan fari kan tashi yana zaton ba a son sa, alhali kara ce ta hana iyaye nunawa.

Manzon Allah (SAW) ya bi kowace ƙofa. Ya kama hannun Mu'azu ɗan Jabal (RA) ya gaya masa yana son sa. Yakan ɗinke tufarsa, ya taya iyalinsa aiki. Ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA). Bayan rasuwar Nana Khadija (RA), idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta nama. Furuci, hidima, wasa, kyauta, cika alkawari, duk sunna ne.

Don haka muridi ya lura da abin da ke sanyaya zuciyar iyalinsa, ya bayar ta nan, ko da ya yi wa ransa nauyi. Wannan ma mujahada ce. Ya kuma kyautata zato ga abin da aka ba shi ta wata ƙofar. Wanda ya taso daga wazifa ya kai hasken cikin gida kafin ko'ina.

Allah Ya zaunar da gidajen 'yan'uwa lafiya, albarkar Annabi (SAW). Amin.