Horon Hawan Tsauni da Neman Wanda Ya Ɓata a Daji

Neman mutumin da ya ɓata a tsauni ko a dokar daji sana'a ce da ake koyo, kuma darasinta na farko shi ne mai neman ya iya tafiyar kansa. Wanda bai iya karanta taswira da kamfas ba, bai san ruwan da zai ishe shi ba, in ya shiga daji neman wani, sai a wayi gari ana neman mutum biyu. Shi ya sa horo na ƙwarai yake farawa da tafiya kafin a zo maganar ceto.

A Najeriya, inda aka fi sani da irin wannan horo shi ne makarantar tsauni da ke duwatsun Shere, gabas da Jos, ƙarƙashin cibiyar horar da 'yan ƙasa da shugabanci wadda jama'a ke kira Man O' War. An kafa cibiyar a 1951 a gaɓar teku kusa da garin da yanzu ake kira Limbe a Kamaru, daga baya aka dawo da ita Filato. Tsayin Shere ya kai kimanin mita 1,800. Gangirwal kuwa, da ke gandun dajin Gashaka-Gumti a Taraba, ya kai mita 2,419, kuma babu tsaunin da ya fi shi tsawo a ƙasar.

A irin wannan horo ake koya wa ɗalibi auna lokaci. Akwai tsohuwar ƙa'ida ta Naismith, tun 1892: awa guda ga kowace kilomita 5, a ƙara awa guda ga kowane mita 600 na hawa. Wanda ya yi wannan lissafi tun a gida, ba zai bari magariba ta riske shi a kan dutse ba. Ana koya masa ƙullin igiya, da sauka gangare, da gudun ƙololuwa idan hadari ya taso, da ƙin tsallaka rafin da ya cika bayan an yi ruwa a sama.

Abin da mutanen ƙasa mai zafi suka fi rainawa shi ne sanyi. Duk hawan mita 1,000 zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6. A Mambila da damina, jiƙaƙƙiyar riga da iska sun isa su saukar da zafin jiki ƙasa da digiri 35. Mutum zai fara karkarwa, maganarsa ta sarƙe, ya riƙa tuntuɓe, hankalinsa ya rikice, abokan tafiya kuma su ɗauka gajiya ce. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a raba shi da ƙasa, a lulluɓe shi, a ba shi abin sha mai ɗumi in yana iya haɗiya.

Shi neman kansa da tambaya yake farawa. A ina aka ga wanda ya ɓata a ƙarshe, da ƙarfe nawa? Wane takalmi ya sa? Yana da wata lalura? Amsoshin su ne ke nuna inda za a dosa, domin fili yana faɗaɗa da sauri: mai tafiyar kilomita 3 a awa, bayan awa guda yana iya kasancewa ko'ina cikin murabba'in kilomita 28, bayan awa biyu kuwa 113. A nan ne ake yawan yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Gari ya fito ƙwansa da kwarkwata, a tattake sawun da shi kaɗai ne shaida. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a wannan aiki yawan da ba shi da jagora cutarwa yake yi. Daidai shi ne a killace wurin, a tura ƙananan rukunoni su bi turba da rafi da bakin kwazazzabo, a rubuta sunan duk wanda ya shiga da wanda ya fito. Sai in wannan bai yi ba ake jera mutane sahu a taje daji. A yi kira, a yi shiru a saurara. Ƙaramin yaro yakan ɓuya ya ƙi amsa muryar baƙo, don haka dole a leƙa kogo da gindin kowane kurmi.

Mafarauta da makiyaya sun riga kowa sanin bin sawu. Suna karanta karyayyiyar ciyawa, da dutsen da aka juya, da raɓar da aka share. Abin da suke buƙata shi ne horon taimakon farko, da amfani da oba-oba inda babu sabis. Jami'an agaji kuma suna da kayan aiki, ba su san dajin ba. Horon da bai haɗa waɗannan ɓangarori biyu ba, rabin horo ne. A dazukan da ake fama da 'yan bindiga kuwa, ba a shiga sai da jami'an tsaro.

Gano mutum ba shi ne ƙarshen aiki ba. Wanda ya faɗo daga dutse ba a cicciɓarsa ta hannu da ƙafa, domin wuya ko gadon baya na iya kasancewa a karye. Mutum shida ke ɗaukar gadon majinyaci, wasu na biye don canji, kuma a cikin duwatsu kilomita guda na iya cin awa. Wanda maciji ya sara ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a kai shi asibiti mai maganin dafi.

Mai shiga tsauni ya faɗa wa wani hanyar da zai bi da lokacin dawowarsa, ya ɗauki usur da tocila. In ya ɓata, ya tsaya wuri guda ya riƙa busa sau uku-uku. Iyalinsa kuma kada su jira gari ya waye: su sanar da mai unguwa da 'yan sanda nan take, ko su kira 112.