Darasi: Ƴan allunan lantarki masu jure wa tartsatsi

A kan iyakar Faransa da Suwis, kusa da birnin Janeba, akwai wata babbar cibiyar bincike mai suna CERN. An kafa ta a shekarar 1954. Masanan da ke aiki a can suna so su san abin da aka gina duniya da shi.

A ƙarƙashin ƙasa, zurfin metir kamar 100, akwai wani rami zagayayye mai tsawon kilometir 27. A cikinsa aka girka wata na'ura wadda aka kunna a 2008. Na'urar tana kora ƴan ƙwayoyi masu suna furoton da gudu kusan na haske, sannan ta gwara su da juna. A cikin daƙiƙa ɗaya, tarin ƙwayoyin nan sukan haɗu sau miliyan 40. Duk lokacin da suka yi karo, sai tartsatsi ya watsu ta ko'ina. Ido ba ya ganinsa, amma yana ratsa ƙarfe.

Don a gane abin da ya faru, an gina manyan na'urori kewaye da wurin karon. Ɗaya ana ce mata ATLAS, nauyinta tan 7000. Wata kuma CMS, nauyinta tan 14000. A cikin cikinsu akwai dubban ƴan allunan lantarki, kowane bai fi farce girma ba. Da silisiyom ake yin su, shi kuwa daga rairayi ake samo shi. A kan kowane allo akwai ƴan ƙofofi masu ɗimbin yawa da ake kira taranzisto. Su ne ke buɗe wa lantarki hanya ko su rufe.

To, ga matsalar. Tartsatsin da ake son aunawa shi ne ke lalata allunan. Yakan bar ɗan lantarki maƙale a bakin ƙofa, kamar yadda iska ke tara rairayi har ƙyaure ya kasa rufuwa. Wani lokaci kuma ƙwaya guda takan bugi allo, ta mai da 0 ya zama 1, lissafi ya ɓaci. Kuma in na'ura tana aiki, ba mai iya shiga ya gyara. Sai a yi watanni kafin a buɗe ta.

Masana sun samo dabaru. Ta farko, suna yin fatar ƙofar siririya ƙwarai, don kada lantarki ya samu wurin maƙalewa. Ta biyu, suna zana ƙofar zagayayya kamar danga, don kada ya zurare ta gefe. Ta uku, suna ajiye abu guda a wuri uku. In tartsatsi ya ɓata ɗaya, sai a bi maganar biyun da suka dace, kamar yadda alƙali ke yi da shaidu. Suna kuma sanyaya wurin fiye da sanyin ƙanƙara. Kafin a sa sabon allo aiki, sai an jarraba irinsa da hasken da likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, amma mai ƙarfi ƙwarai.

Wahalar nan ba ta tafi banza ba. Ran 4 ga Yuli 2012, masanan ATLAS da na CMS suka ba da labarin gano wata sabuwar ƙwaya. Wani masanin Ingila, Peter Higgs, ya yi hasashenta tun 1964. Da ƴan allunan nan sun mutu da wuri, da ba a gan ta ba.

Tambayoyi
1. A ina cibiyar CERN take?
2. Da me ake yin ƴan allunan lantarki?
3. Ta wace hanya tartsatsi ke lalata su?
4. Don me ake ajiye abu guda a wuri uku?
5. Shekara nawa aka yi daga hasashen Higgs zuwa gano ƙwayar?